Ramukan Alli na Birnin Reims

A kudu maso gabashin birnin Reims na ƙasar Faransa akwai wani tudu da ake kira Saint-Nicaise. Wanda ya bi ta kansa ba zai ga komai ba sai tituna da bishiyoyi da dogayen katangun gidajen masu yin giyar shamfen. Cikin tudun kuwa duk an rarake shi. Tun zamanin da Rumawa ke mulkin ƙasar, lokacin da birnin ke amsa sunan Durocortorum, ake haƙar farin dutsen alli a nan ana gina gidaje da ganuwa, aka kuma ci gaba da haƙa ɗaruruwan shekaru bayan tafiyarsu. Mahaƙan sun san halin dutsensu: in ruwan sama da jaura suka dake shi, marmashewa yake yi. Don haka sai su buɗe ɗan ƙaramin baki daga sama, suna nutsawa suna faɗaɗawa, har ramin ya fito da siffar tulu, wuya siriri, ciki makeke. Wasu ramukan sun kai zurfin mita 30. Da aka daina bukatar dutsen, sai aka toshe bakunansu aka manta da su.

Giya ba abin shana ba ce, addinina ya hana, kuma na san yawancin masu karanta wannan rubutu haka suke. Abin da ya riƙe ni a kan waɗannan ramuka shi ne mutanen da suka yi ta sauka cikinsu, tsara bayan tsara, kowace da abin da ya kai ta: masu neman dutse, masu neman abin sawa a bakin salati, yara masu gudun wutar igwa, da wasu samari baƙaƙe daga Afirka ta Yamma da aka kawo su tsaron garin da ba su taɓa jin sunansa ba. Sunan da ke jikin kwalba kowa ya san shi. Su waɗannan sai an tona.

Gidan da ya fi kowane shiga cikin wannan tudu shi ne na Pommery. Asalin maigidan, Alexandre Louis Pommery, ɗan kasuwar ulu ne, domin kafin giya ta yi suna, da ulu da saƙa aka san Reims. A 1856 ya haɗa jari da wani mai sayar da giya, Narcisse Greno. Bai ci moriyar abin ba, ya rasu a 1858, ya bar matarsa Louise tana gab da shekara 40, da ɗa matashi da jaririya a hannu. A Faransa ta wancan lokaci matar aure ba ta da ikon yin ciniki sai da izinin miji, amma wadda mijinta ya mutu doka ta sakar mata mara. Shi ya sa tarihin shamfen ya cika da matan da mazajensu suka rasu. Madam Clicquot ta riga ta bin wannan hanya tun 1805. Louise Pommery ta zauna a kujerar mijinta, ta rage harkar jar giya da gidan ke yi, ta koma kan mai kumfa, ta kuma kafa ido a kan kasuwar Ingila, inda ta buɗe ofis a Landan a 1861.

A 1868 ta sayi fili mai faɗin kusan hekta 50 a kan tudun Saint-Nicaise, wurin da a lokacin bayan gari ne. Ba saman filin take so ba. Gidan Ruinart, wanda aka kafa a 1729, ya riga ya gwada ajiye kwalabe a wasu daga cikin tsofaffin ramukan tun ƙarni na 18, an kuma ga amfanin. Ita sai ta ɗauki abin da girma. Ta ɗebo mahaƙa daga Faransa da Beljiyam, suka shafe kusan shekara goma suna huda hanyoyi daga wannan rami zuwa wancan, har suka haɗa ramuka 120 da hanyoyin da tsawonsu ya kai kilomita 18. Dalilin wannan wahala duka shi ne sanyi. A can ƙasa, rani da hunturu, ma'aunin zafi ba ya gusawa daga wajen digiri 10, dutsen kuma kullum a jiƙe yake, babu hasken rana, babu girgizar keken doki. Ita kuwa wannan giya sau biyu take tsima. Na biyun a cikin kwalba ake yin sa: a zuba ɗan sukari da yis a toshe, iskar da ta taso ta rasa hanyar fita ta narke a ciki, ita ce kumfar. In da zafi tsimin zai yi gaggawa ya lalace. A sanyin da ba ya canzawa sai ya tafi sannu a hankali. Har yau doka ba ta yarda a fitar da kwalba kasuwa ba sai ta yi aƙalla wata 15 a ajiye, wadda aka rubuta wa shekarar girbi kuwa sai ta yi shekara 3.

Ana sauka ne ta wata doguwar matakala mai hawa 116, miƙaƙƙa, ba kwana. Tun kafin a kai rabi sanyi ke ratsa riga, hanci ya cika da warin danshi. Bango fari ne mai laushi, farce ma yana iya zana shi, kuma in ka shafa sai tafin hannunka ya yi fari fat. A bakin kowace hanya an rubuta sunan wani birni da gidan ya samu kasuwa a cikinsa, irin su Landan da Manchesta da Buenos Aires, ta yadda ma'aikacin da bai taɓa wuce ƙofar gari ba yake wuni tsakanin biranen duniya a cikin duhu. A farkon shekarun 1880 Madam Pommery ta sa wani masassaƙi, Gustave Navlet, ya sassaƙa manyan hotuna a jikin bangon ramukan, can sama, da hasken kyandir ya yi aikin. Ta gane tun da wuri cewa baƙon da ya sauka ya ga wannan ba zai manta sunan gidan ba. Gine-ginen da ta yi a sama ma fasalin gidajen sarautar Ingila ta ba su, don Turawan Ingila su ji kamar a gida suke.

Amma wurin aiki ne, kuma aiki mai haɗari. Ƙarfin iskar da ke cikin kwalba ɗaya ya ninka na tayar mota kusan sau uku. A farkon ƙarni na 19, kafin a iya auna sukarin daidai, kwalabe kan yi ta fashewa, ɗaya ta tashi ta tayar da na kusa da ita. A 1828 wasu gidaje sun yi asarar mafi yawan abin da suka ajiye. Ma'aikata sai da takunkumin ƙarfe a fuska suke shiga, saboda gilashi ya sha cire wa mutane ido. Wani mai haɗa magunguna a garin Châlons, Jean-Baptiste François, shi ya fito da hanyar awon sukarin a shekarun 1830, fashewar ta ragu, amma ba ta ƙare ba.

Cikin duk ma'aikatan, mai juya kwalba ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan tsimi, mataccen yis yakan kwanta a cikin kwalbar, dole a fitar da shi ba tare da kumfar ta tsere ba. Sai a soka wuyan kwalaben a ramukan wasu katakai biyu da aka jingina da juna, kowane da rami 60. Mai juyawa ya zo ya tsaya, hannu bibbiyu, kwalba biyu a lokaci guda: ya kama gindinta, ya ɗan girgiza, ya murɗa ta kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ya ƙara karkata ta kaɗan, ya wuce ta gaba. A gindin kowace akwai ɗigon farin fenti da ke nuna masa inda ya tsaya jiya. Haka zai yi kullum har makonni shida ko fiye, sai kwalbar ta tsaya kai ƙasa, gwiɓar duk ta taru a bakin murfi. Gwani yakan juya kwalabe dubun-dubatai a wuni. Yakan ɗaga ɗaya ya kara ta da harshen kyandir, ya karanci yadda gwiɓar ta kwanta, ya san ko ta yi ko da saura. Shekaru ake yi ana koyon wannan, a sanyi da danshi, mutum ya shiga kafin rana ta fito a hunturu, ya fito bayan ta faɗi.

A zamanin, shamfen zaƙi gare ta sosai, fiye da giram 100 na sukari a lita, ta kasuwar Rasha ma ta fi haka nesa ba kusa ba. Madam Pommery ta lura Turawan Ingila ba su son zaƙin, sai ta yi kasada da girbin 1874 ta fitar da wadda kusan babu sukari. Ta karɓu, kuma a hankali duk yankin da ake yin shamfen ya bi sahu. Yau mafi yawan abin da ake sayarwa bai wuce giram 12 a lita ba. Mace ce mai kaifin ido a kasuwa, kuma ba a nan kaɗai ta tsaya ba: ta kafa wa ma'aikatanta asusun fansho da na jinya tun gwamnati ba ta tilasta wa kowa ba. A 1889 ta sayi wani shahararren zanen Jean-François Millet, wanda ke nuna mata uku matalauta sun sunkuya suna kala a gonar da aka gama girbe, ta yi wasiyya a ba ƙasa. Ta rasu a 1890, zanen kuma yana gidan tarihi na Orsay a Paris. Ina ganin ba banza ba macen da ta tara dukiya da gumin masu sunkuyo ta zaɓi wannan hoto.

Bayanta wahala ta zo ta sama. Wani ƙwaro ɗan mitsitsi da ya shigo Turai daga Amurka, mai cin saiwar inabi, ya iso yankin a wajen 1890, ya yi ta cin gonaki har aka tumɓuke su aka dasa sababbi masu aure da saiwar inabin Amurka. Ƙananan manoma, ga talauci ga zargin cewa manyan gidaje na shigo da inabi mai araha daga wasu yankuna, suka yi bore a 1911, suka ƙona rumbunan giya a garin Aÿ, sai da aka turo soja. Daga wannan rikici ne aka shata iyakar yankin a doka a 1927.

Sai yaƙi. Jamusawa sun shiga Reims a farkon Satumban 1914, suka yi kamar mako guda, aka kore su, suka koma kan tuddan da ke kallon birnin suka kafa igwoyi. Ranar 19 ga Satumba babbar majami'ar garin, inda aka riƙa naɗa sarakunan Faransa, ta kama da wuta. Daga nan aka shiga luguden da ya ɗauki kwana fiye da 1,000. Birni mai mutum sama da 100,000 ya watse, waɗanda suka rage kuma ba su da wajen zuwa sai ƙasa. Dubban mutane suka sauka cikin ramukan gidajen giya da katifu da tukwane da fitilun kananzir. Aka yi ɗakuna da akwatunan kwalabe da labule. Aka buɗe wuraren jinya da na ibada, aka haihu a ciki, aka mutu a ciki. Gidan Pommery yana daf da bakin daga, gine-ginensa na sama suka zama kufai, amma mita 30 na alli babu harsashin da ya iya huda su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne makarantu. Wani sufeton makarantun firamare, Octave Forsant, ya ga yara na gararamba a titunan da harsasai ke zuba, sai ya nemi masu gidajen giya su ba shi wuri. Daga Disamban 1914 aka fara buɗe azuzuwa a ƙarƙashin ƙasa, har da na Pommery. Malamai, yawancinsu mata, suka riƙa ratsa gari cikin wuta suna zuwa aiki. Yaro yana zaune a benci da rigar sanyi, fitila na hayaƙi a kansa, a gefensa jakar takunkumin kariya daga iskar guba, bayansa kwalabe jere har rufi, yana koyon lissafi, ƙasa na ɗan motsi duk lokacin da wani abu ya faɗo a sama. Duk wanda ya san yadda rikici ke fara cinye makaranta kafin komai zai gane girman abin da waɗannan malamai suka yi. A saman kuma mata da tsofaffi da yara ne suka tsinke inabin 1914, wasunsu a gonar ajali ya same su. A 1917 aka kwashe yawancin farar hula, a Maris na 1918 aka fitar da sauran, ramukan suka koma hannun soja. An huda bangon da ke raba gida da gida don runduna ta iya ratsa tudun ba tare da ta leƙo sama ba, kuma har yau akwai sunaye da ranaku da sojoji suka kankara a jikin allin.

A cikin masu tsaron Reims a 1918 akwai bataliyoyin baƙaƙen sojan Faransa. Da sunan Senegal ake kiransu, amma daga duk Afirka ta Yamma ta Faransa aka kwaso su, ƙasashen da yau ake kira Mali da Burkina Faso da Gini da Kwaddibuwa da Benin da Nijar, wadda a lokacin yankin soja ce mai hedikwata a Damagaram. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Kaso ake yanka wa sarakuna da masu gari, su kawo samari ko ta halin ƙaƙa. Kusan mutum 200,000 aka ɗiba a tsawon yaƙin, wajen 30,000 ba su dawo ba. Lokacin da Jamusawa suka kawo manyan hare-harensu na ƙarshe, a ƙarshen Mayu da kuma 15 ga Yulin 1918, rundunar sojan mulkin mallaka ta ɗaya ce ke riƙe da birnin da sansanin Pompelle da ke kusa. Reims ba ta faɗi ba. Ina yawan tunanin waɗannan samari, da yawansu Musulmi, 'ya'yan manoman gero da makiyaya, suna kwana a cikin farin rami mai sanyi tsakanin miliyoyin kwalaben abin da ba sa sha, gobe su hau sama su mutu a kansa.

Garin bai manta nan da nan ba. A Yulin 1924 aka kafa mutum-mutumin tagulla na tunawa da su, aikin Paul Moreau-Vauthier, a kan hanyar da ke kusa da gidan Pommery: sojoji baƙaƙe huɗu sun kewaye hafsa Bature mai riƙe da tuta. An kafa irinsa sak a Bamako a farkon wannan shekara. Tsarin hoton kansa ya faɗi yadda Faransa ke kallon abin, Bature a tsakiya, tuta a hannunsa. Duk da haka, da sojojin Hitila suka shiga Reims a 1940, ba su iya jure ganinsa ba, suka kwance shi suka ɗora a jirgin ƙasa, ba a sake ganinsa ba. Na Bamako yana nan. Daga jikinsa aka kwaikwayi sabo, aka kafa a 2013 a wani lambu da jikan Madam Pommery, Melchior de Polignac, ya gina wa ma'aikatan gidan kafin yaƙi, wanda yanzu na birni ne. Sai 6 ga Nuwamban 2018 aka ƙaddamar da shi a hukumance, shugaban Faransa Emmanuel Macron da shugaban Mali na lokacin, Ibrahim Boubacar Keïta, suna tsaye. Shekara 78 ke nan bayan an sace na farko, kuma a ganina jinkirin ya yi yawa.

Gidan kansa ya fita daga hannun zuriyar Louise a 1979, ya yi ta sauya iyayen gida. Ya shiga hannun katafaren kamfanin LVMH, wanda a 2002 ya sayar da suna da ramuka ga Paul-François Vranken, shi kuma kamfanin ya riƙe yawancin gonakin. Mai juya kwalba kuma inji ya karɓe masa aiki: tun shekarun 1970 ake zuba kwalabe 504 a kejin ƙarfe, na'ura ta yi ta juya su dare da rana, ta gama a mako guda abin da hannu ke yi a wata ɗaya da rabi. Ba zan yi kukan wannan ba kamar yadda masu yawon buɗe ido ke yi, don ba su ne ke fama da ciwon gaɓoɓi ba. Amma ilimin da ke cikin yatsun nan ya kusa ƙarewa, 'yan kaɗan suka rage ana ajiye su don kwalabe masu tsada. Tun 2003 ana baje kolin ayyukan masu fasahar zamani a cikin ramukan, a 2015 kuma UNESCO ta sa tudun Saint-Nicaise cikin wuraren tarihi na duniya. Yankin yana fitar da kwalabe kusan miliyan 300 a shekara, Najeriya ma tana cikin manyan masu saye a Afirka.

Aiki ɗaya ne inji bai karɓa ba. Dokar yankin ta ce da hannu za a tsinki inabi, don kada 'ya'yan su fashe kafin a kai su matsa. Saboda haka kowace kaka ana bukatar mutum fiye da 100,000 na 'yan makonni, kuma da yawansu baƙi ne, daga gabashin Turai da Afirka. Kakar ma ta matso: saboda ɗumamar yanayi, girbin da a da ake yi a ƙarshen Satumba yanzu yakan faro tun Agusta, kamar yadda aka yi a 2003 da wasu shekaru bayanta, wato cikin tsananin zafi. A kakar 2023 masu tsinka da dama sun mutu a yankin a makon da rana ta ƙwalle. A wannan kaka ce kuma masu binciken ƙwadago suka shiga wani gida a ƙauyen Nesle-le-Repons, nesa da Reims, suka tarar da ma'aikata sama da 50, yawancinsu 'yan Mali da Muritaniya da Senegal da Kwaddibuwa, marasa takardu, waɗanda wani kamfanin 'yan kwangila ya kwaso daga Paris da alƙawarin kuɗi. Suna kwana a kan katifu a ƙasa, babu ruwan kirki, babu isasshen abinci, ana cusa su a bayan mota kamar kaya a kai su gona tun asuba.

An kai maganar kotu a Châlons-en-Champagne. Da yawa daga cikin ma'aikatan sun zo da kansu a Yunin 2025, suka zauna a zauren shari'a, waɗanda aka kira suka tashi suka ba da labarin abin da aka yi musu. A watan Yuli kotun ta samu mutum uku da laifin safarar bil'adama, ta yanke musu hukuncin ɗauri, ta kuma umarci a biya kowane ma'aikaci diyya.